Hanyar Gargada a Cikin Zaure: Daga Motar Kara Zuwa Mota Mai Rimot

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Basawa ko Samaru ko Sabon Garin Zariya ya san motar kara da motar langa-langa. Sai dai idan ana zancen wannan wasa, akasari motar ake dubawa, a mance da hanyar da yara kan gina mata, alhali kuwa a wurin ginin hanyar ne hikimar take. A cikin wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake shirya hanyar gargada a cikin zaure domin 'yan ƙananan motocin nan masu rimot da ke hawan duwatsu, a kuma nuna cewa aikin ba baƙo ba ne ga ɗan Bahaushe.

2.0 Tushen Wasan

Sabon Garin Zariya ya bunƙasa ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, Samaru kuwa ta haɓaka da tashar binciken aikin gona ta 1922 da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962. Saboda haka yaran wannan yanki sun daɗe suna ganin abubuwan hawa iri-iri, yaro kuwa abin da ya gani shi yake kwaikwayo. Da kaka, idan an girbe dawa, sai su fere kara, su yanka totuwa, su harhaɗa da tsinkayen ɓawon karan har mota ta fito. Waɗanda suka ɗan tasa kan nemi langa-langa, watau bakin ƙarfen da ake ɗaure dilar kaya da shi, ko waya da gwangwani, su yanko tayoyi daga tsohon silifa, su ɗaura dogon sitiyari wanda mai mota zai riƙe yana tafe a tsaye.

In mota ta samu, sai hanya. Akan share ƙasa, a tara tudu, a haƙa rami a ɗora masa kara a ce gada ce, a zuba tsakuwa a ce an iso gargada. Gwani a cikinsu shi ne wanda ya fid da motarsa ba ta kife ba, ko da shi ne na ƙarshen isowa.

3.0 Mota Mai Rimot Mai Hawan Dutse

Wannan mota ta sha bamban da ta tsere. Ƙafafunta huɗu duka suna ja, giyarta ƙarama ce, tayoyinta masu laushi ne don su kama dutse, sandunan ƙafafunta kuma suna karkata, ta yadda ƙafa ɗaya za ta hau tudu sauran na bisa ƙasa. Ana auna girmanta da na motar gaske. Wadda aka rubuta wa 1/10 ta fi dacewa da fili. Ta cikin ɗaki ita ce 1/18 ko 1/24. Kamfanin Axial na Amurka ya fito da irin wannan, mai suna SCX24, a 1/24 cikin 2019, Traxxas kuma ya biyo da TRX-4M a 1/18 cikin 2022. Tun da yake ƙanana ne, kusurwar zaure ta ishe su zama daji guda. Wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne a Zariya, inda ruwan damina da ƙurar hunturu da hadarin bakin titi kan hana yara wasa a waje.

4.0 Ginin Hanya

Ba a bukatar sayen kome mai tsada. Abu na farko shi ne shimfiɗa, domin daɓen siminti yana da santsi. Sai a sa tsohuwar tabarma ko buhun algarara ko falankin katako, a kewaye da bulo don kada yashi ya watsu. Faɗin hanya ya kai kamar ninki biyu na faɗin motar. Bayan haka sai a jera waɗannan matakai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya:

(a) Gargada: a zuba tsakuwa da ƙananan marmara, a danne su cikin yumɓu don kada su riƙa gangarawa.

(b) Hawa da gangara: a jingina katako a kan bulo, a lulluɓe shi da buhu ko a kafa masa tsinkayen kara a gicciye. A fara da kwantaccen hawa, sa'an nan a riƙa ƙara tsayi.

(c) Matakala: a jera guntayen bulo. Ga mai koyo, kada tsayin mataki ya wuce rabin tsayin taya.

(d) Gada: a ɗaure kara da zare kamar asabari, a ɗora bisa gwangwanaye biyu. Wannan ita ce gadar motar kara ba sauyi.

(e) Karkata: a ɗaga gefe ɗaya na hanya. A nan mota ta fi kifewa.

(f) Dutse: a dunƙule kwalaye da takardun buhun siminti, a yaɓe da laka, a dasa duwatsu kafin ta bushe. Mai son misali ya dubi Dutsen Kufena, ya lura da yadda fuskarsa take da sulɓi a wani wuri, da tsaguwa a wani wuri, da manyan duwatsu zube a gindi.

5.0 Dalilin Kifewa da Maƙalewa

Abubuwa uku ne ke kayar da mota. Na farko, cibiyar nauyi: muddin nauyin mota ya rinjaya ya fita daga tsakanin ƙafafunta, to, sai ta kife. Shi ya sa ake son batir ya zauna ƙasa-ƙasa, kusa da gaba. Shi ya sa kuma mai motar langa-langa kan ɗaure dutse a cikinta. Na biyu, riƙon taya: in an taka wuta da ƙarfi taya kan yi ta juyi a banza, amma in an bi a hankali sai ta kama. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Na uku, tsayin ciki: idan tudu ya yi tsini, cikin mota kan dafe a kansa, ƙafafu na lilo. Mai gina hanya na ƙwarai yakan auna kowane mataki da waɗannan abubuwa uku, don hanyar ta yi wuya amma kada ta gagara.

A wajen gasa, akan kafa alamomi bibbiyu, kamar marafan kwalba, mota ta bi ta tsakani. Wanda ya taɓa alama, ko ya ja da baya, ko ya ɗaga mota da hannu, sai a rubuta masa laifi. Mai ƙarancin laifi shi ya ci. Ya kamata kuma a kiyaye: kada a sa ruwa a hanya sai in motar mai jure ruwa ce, kada a bar batir a rana ko kusa da murhu, a kuma kawar da tsakuwa daga inda jarirai ke rarrafe.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa motar ce baƙuwa, hanyar kuwa 'yar gida ce. Abin tsoro shi ne yaro ya saba da sayen abin wasa, ya bar ƙera shi, har kalmomi irin su totuwa da langa-langa da asabari su ɓace daga bakinsa. Ginin hanya a zaure yana mayar masa da aikin hannu da awo da haƙuri, kuma wanda iyayensa ba su da halin sayen mai rimot yana iya bi da motarsa ta kara a kan hanya guda. Ya rage ga ɗaliban Hausa su shiga unguwannin Basawa da Samaru su tattara sunaye da dokokin wannan wasa tun masu saninsu suna nan.