In An Kama Mutum, Kada Ya Yi Hanzarin Sa Hannu

Malamai da akawuna sun saba sa hannu a takarda, amma ta caji ofis daban take, gama abin da mutum ya faɗa ran da aka kama shi, shi za a karanta gaban alƙali.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 35, ya yardar wa wanda aka kama ya yi shiru har ya ga lauya. To, ya jira.

Lauyan kuwa a gaya masa gaskiya duka, ko da mai ɗaci ce. A yanke ladansa tun farko, a karɓi rasit. Wanda ya yi alkawari lalle za a sallame ka, guje shi, hukunci ba a hannunsa yake ba. Marar hali ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976.