Ko Ka Sani? Kyamarar Talabijin Ba Ta San Fari Ba

Kafin a fara taron manema labarai, akan ga mai ɗaukar hoto ya miƙa wa wani farar takarda, ya ce ya riƙe ta daidai inda mai jawabi zai zauna. Sai ya jawo hoton takardar har ta cika masa madubin leƙawa, ya danna maɓalli, ya ɗan jira. Da yawa kan zaci gwaji ne kawai, alhali koya wa na'urar yake yi abin da ake kira fari.

Idon mutum yana gyara launi da kansa: farar riga fara ce gare shi, ko a rana ko a ƙarƙashin fitila. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Kowane haske da launinsa, kuma ana auna shi da ma'aunin Kelvin. Hasken rana tsaka yana wajen 5600, ya karkata ga shuɗi. Fitilar situdiyo mai zare a ciki tana wajen 3200, ta karkata ga ruwan goro. Wanda ya saita kyamara a cikin zaure ya fito fili bai sake saiti ba, mutanensa za su fito shuɗi-shuɗi. Shi ya sa gogaggen ma'aikaci ba ya rabo da farar takarda a aljihu.

Fari yana da wata matsalar. A filin Idi, inda rana ta take, ga manyan riguna farare fat, kyamarar da aka bari ta yi wa kanta hukunci za ta rage haske saboda rigunan, fuskoki su dushe. Don haka ma'aikaci kan saita ƙofar haske da hannunsa, yana duban fuska. Akwai kuma wasu ratsi-ratsi irin na jakin dawa da ke bayyana a madubin leƙawa, suna nuna masa inda haske ya yi yawa har aikin da ke wuyan riga ya ɓace. Mai kallo a gida ba ya ganin ratsin.

Wutar lantarki ma tana da hannu a hoto. A Nijeriya da Nijar tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, talabijin kuma na tafiya da hoto 25. A Amurka sau 60 ne, da hoto kusan 30. Kyamarar da aka bari a saitin Amurka, in ta shiga ofis mai dogayen ƙwayayen fitila a Nijeriya ko Nijar, sai hoton ya riƙa ƙyaftawa har sai an mayar da ita kan 50.

Sauran dabarun na haƙuri ne. A kafa kyamara kan ƙafa uku, a ƙirga goma a zuci kafin a motsa ta, domin mai tace hoto ya sami abin yanka. A sa abin ji a kunne, don iskar da ke bugun makirufo ba ta nunawa a madubi.

Da hunturu kuwa, ƙurar da ta kwanta a gilashi ba a goge ta kai tsaye, saboda ƙwayar yashi tana karce shi. Ana fara hure ta da ɗan famfon roba, sannan a bi da ƙyalle mai laushi.