Wuta-wuta Na Yi Wa Dawa Kutse, Masana Na Yaudararta Da Saƙon Bogi

Manomin dawa ko gero a Kano, Katsina ko Maraɗi ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Kafin furenta ya bayyana a gona, ta riga ta yi makonni a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse ruwa da abincin shuka ta saiwa. Binciken masana ya nuna cewa wannan ciyawa tana aiki ne kamar ɗan kutse, domin saƙon da ba nata ba take saurara.

Idan ƙasa ta yi ƙarancin sinadarin fosfaras, wato harafin P ɗin da ke jikin buhun takin NPK, saiwar dawa tana fitar da wani sinadari mai suna strigolactone. Saƙo ne na neman agaji. A 2005 masu bincike a Japan suka gano cewa ana aika shi ne ga wani fangas mai amfani da ke cikin ƙasa, dangin naman kaza, wanda ke kawo wa shuka fosfaras, ita kuma ta biya shi da sukari. Irin wuta-wuta ma yana da nasa abin karɓar wannan saƙo. Ƙanƙane ne kamar ƙura, yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10, kuma ba ya tsirowa sai ya ji saƙon. Shi ya sa gonar da ta gaji ta fi fama da ita: yunwar shuka ce ke tona inda take.

Amma ciyawar tana da lago. Irin ba shi da guzuri mai yawa. Idan ya tsiro bai samu saiwar da zai manne ba cikin 'yan kwanaki, sai ya mutu. Nan ne masana suka shigo.

A 2018 wata tawaga a Jami'ar Nagoya ta Japan ta wallafa a mujallar Science cewa ta haɗa sinadarin SPL7, wanda ke kwaikwayon saƙon dawa. Ɗan mitsitsinsa ya isa ya tayar da irin wuta-wuta, kuma kusan ba ya taɓa fangas ɗin mai amfani. Dabarar ita ce a zuba shi a gona mai danshi kafin a yi shuka, ciyawar ta tsiro ta tarar babu kowa. A Jami'ar KAUST ta Saudiyya, Farfesa Salim Al-Babili da abokan aikinsa sun gwada irin waɗannan sinadarai a gonakin Burkina Faso, kuma wuta-wutar da ta fito ta ragu.

Wasu kuma saƙon kansa suke gyarawa. A 2017 tawagar Farfesa Gebisa Ejeta ta Jami'ar Purdue a Amurka ta gano ƙwayar gado mai suna LGS1. Dawar da wannan ƙwaya ba ta aiki a jikinta tana fitar da wani nau'in strigolactone daban, wanda wuta-wuta ba ta jinsa sosai, kamar an canja kalmar sirri. A 2025 kuma masu bincike a China suka bayyana a mujallar Cell ƙwayoyin gado biyu, SbSLT1 da SbSLT2, waɗanda ke fitar da sinadarin daga saiwa zuwa ƙasa. Da suka kashe su, harin ciyawar ya yi sauƙi.

Da sauran aiki kafin waɗannan su iso hannun ƙaramin manomi. Dole sinadarin ya yi araha, hukumomi su amince da shi, kuma a zuba shi daidai da saukar damina, domin busasshen iri ba ya amsa saƙo. Kafin nan, binciken ya ba da dalilin abin da malaman gona suka daɗe suna faɗa: a ƙosar da ƙasa da taki don shuka ta rage neman agaji, a riƙa juya amfanin gona da waken suya ko auduga, waɗanda ke tayar da irin ba tare da ciyar da shi ba, sannan a tuge ciyawar kafin ta zubar da iri.