Fim ɗin karate: Hajar da ba ta jiran mai saye

Duk 'yar kasuwar da ta taɓa sarin lemun Timia a Agadas ta san halinsa. Daga lambunan tsaunukan Ayar ake lodo shi, a yi tafiyar fiye da kilomita 200 a kan duwatsu, in bai fita da wuri ba kuwa sai asara. To, haka sana'ar fim ɗin karate mai ƙaramin jari take.

Dubi Isaac Nabwana na unguwar Wakaliga da ke Kamfala, ƙasar Yuganda. A shekarar 2010 ya fitar da "Who Killed Captain Alex?" da kuɗin da bai wuce dala 200 ba. Bindigogin ma da tarkacen ƙarfe da katako aka haɗa su, naushi da shuri kuwa ai ba saye ake yi ba.

Wahalar tana wajen sayarwa. A wancan lokaci 'yan wasan da kansu ke ɗaukar faifai, wani zubin da kayan wasan a jikinsu, su bi gida-gida suna talla, a raba ciniki da su. Kusan mako guda kacal gare su kafin masu satar fasaha su kwafe fim ɗin, su zuba shi kasuwa da araha.