Kada Ka Goge Zanen Da Ya Lalace: Amfanin Ajiye Munanan Ayyukanka a Waya da Kwamfuta

Mai zane a takarda idan aiki ya ɓaci, yakan tura shi ƙarƙashin katifa, wata rana ya sake cin karo da shi. Mai zane a waya kuwa dannawa ɗaya ce, shi ke nan ya tafi. Wannan sauƙin gogewa yana jawo wa masu koyo asarar da ba su lura da ita.

A jihar Massachusetts ta Amurka akwai gidan adana kayan tarihi mai suna Museum of Bad Art, wanda aka buɗe a 1994 don munanan zane-zane kawai. Zanen farko da aka fara da shi, wani dillalin tsoffin kaya, Scott Wilson, ya tsinto shi a shara a birnin Boston. Sharaɗinsu shi ne mai zanen ya yi aikin da gaske, ya kuma kuskure. Ba sa karɓar wanda aka ɓata da gangan, domin kuskuren gaskiya ne ke da abin koya.

Me za ka koya daga naka?

Idan ka jera zane goma da suka lalace, za ka ga yawanci kuskure ɗaya ne ke maimaita kansa: ko hannaye sun yi gajarta, ko inuwa ta faɗa ɓangaren da haske yake. Zane guda ba zai nuna maka wannan ba.

Manhajojin zane ma suna taimakawa. Procreate a iPad da ibis Paint X a wayoyin Android da iPhone suna naɗar bidiyon yadda ka yi zanen tun daga layin farko. Kalli bidiyon, za ka gane daidai inda aikin ya fara karkacewa. Haka nan idan ka juya hoton daga dama zuwa hagu, idon da ya saba da kuskuren zai gan shi nan take.

Yadda za ka adana su

Buɗe folda ta musamman, ka sa wa kowane fayil kwanan wata. Ka ajiye shi a asalin tsarin manhajar ko a PSD, domin JPG da PNG suna haɗe leya-leyan zanen su zama ɗaya, ba za ka iya raba su ka duba ba. Idan wuri ya yi ƙaranci a wayarka, asusun Google na ba da gigabayit 15 kyauta.

Bayan wata shida, ɗauko ɗaya daga cikinsu ka sake zana shi, sannan ka ajiye su gefe da gefe. A nan ne za ka san ko hannunka ya ci gaba, da kuma abin da ya rage maka ka gyara.