Kafin Ka Jefar da Tsohuwar Kwamfutarka, Duba Kapasita

Idan kana da shagon buga takardu a Batsari ko Safana, ko kana kula da kwamfutocin wata makaranta, wataƙila ka san wannan matsalar. Da safe kwamfuta ta tashi lafiya lau, rana na yin zafi sai ta daskare ko ta kashe kanta. Wata rana kuma fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Sai a ce madabod ya mutu, a sayi wata. Alhali sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne ya lalace, wanda bai kai kan yatsa ba: kapasita.

Mene ne aikinsa? Furosesa ba ta son wuta mai hawa da sauka. Madabod yana rage wutar bolt 12 zuwa ƙasa da bolt 2, kapasita kuma yana tara caji ya sake shi a daidai lokacin da ake buƙata. Kamar randa ne a gidan da ruwan famfo ke zuwa yana ɗaukewa. A cikin gwangwaninsa akwai fallayen alminiyam biyu da aka naɗe tare da takarda mai jiƙe da wani ruwan sinadari. In ruwan nan ya bushe, aiki ya ƙare.

Babban abokin gabarsa zafi ne. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwarsa. Kapasitan da aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 105 zai iya kaiwa awa 32,000 a digiri 65, amma a digiri 75 sai ya koma 16,000. To ka tuna bazarar Katsina, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ga rufin kwano, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga wutar janareta mai rawa.

Akwai kuma tsohon tarihi. Daga 1999 zuwa wajen 2007, an cika kasuwar duniya da kapasitoci masu gurɓataccen ruwa, yawanci daga wasu masana'antun Taiwan. Ruwan yana cin alminiyam, iskar haidirojin ta taru, gwangwani ya kumbura. A 2005 kamfanin Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 saboda wannan matsala a kwamfutocinsa na OptiPlex, irin su GX270 da GX280. Iri-irensu da yawa daga baya suka shigo Najeriya a matsayin na hannu.

Ta yaya za ka gane? Cire wayar wuta tukuna, sannan ka buɗe murfin. Dubi gwangwanayen da ke kewaye da furosesa. Kan lafiyayye a baje yake, da ɗan tsagi mai kama da X ko K. In ka ga ya yi tozo, ko wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kansa, ya tafi. Sai dai wani kan bushe ba tare da ya kumbura ba, wannan sai da mita ake gano shi.

Gyaran ba ya gagarar mai gyaran rediyo da talabijin da hannunsa ya faɗa, muddin ya kiyaye abu huɗu. Sabon ya zo da adadin maikirofarad irin na tsohon. Bolt ɗinsa ya yi daidai ko ya fi, kar ya gaza. Ya zama mai digiri 105 wanda aka yi don madabod, ba na rediyo ba. Ƙafar negetif, wadda ke gefen da aka ja wa layi, ta koma inda ta tsohon take, don in aka juya shi zai iya fashewa. Ya kuma yi amfani da ayan mai ƙarfi, saboda madabod yana da faifan tagulla a ciki da ke shanye zafi, dalma ta ƙi narkewa. A canza duk 'yan layin gaba ɗaya, tunda tare suka tsufa.

Gargaɗi ɗaya: kar ka buɗe akwatin wutar kwamfuta da kanka. Manyan kapasitocin ciki suna riƙe caji mai haɗari ko bayan an cire wuta.

Bayan gyara, ka riƙa busa ƙura, ka janye ta daga jikin bango, ka haɗa ta da sitabilaiza. Haka za ta ƙara maka shekaru, ka huta da ɗaukar ta zuwa Katsina ko Kano.