Wasan Minecraft: Me ke sa wayar ɗan kasuwa ta ɗau zafi?

Daga kasuwar riɗi ta Gadarif har zuwa Gallabat, bakin iyakarmu da Habasha, waya ta zama jarin ɗan kasuwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki da yawa ya koma manhajar Bankak ta Bankin Khartum. To amma wayar nan da muke karɓar kuɗin buhun dawa da ita, ita ce dai yara ke ara da daddare su buga Minecraft. Gari na wayewa sai a tarar ta yi zafi, caji ya ƙare, tana tafiyar hawainiya.

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan wasa, wanda kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya kammala fitarwa a 2011, Microsoft kuma ya saye a 2014 kan dala biliyan 2.5, ba ya zuwa da duniyarsa a shirye. Wayar ce ke ƙera ƙasar da kanta yayin da yaro ke tafiya a ciki. Tana yanka ta fuloti-fuloti, kowane fuloti tubali 16 a tsawo, 16 a faɗi, sannan ta lissafa inda dutse zai tsaya, inda kogi zai bi, da inda kogo zai ratsa.

A ƙarshen Nuwamban 2021 aka ƙara wa duniyar wasan zurfi da bisa, daga tubali 256 zuwa 384. Ke nan fuloti guda yana da gurbin tubali 98,304, ga shi kuwa fuloti masu yawa ake buɗewa a lokaci ɗaya. Idan yaro ya hau doki ko kwale-kwale ya nausa inda bai taɓa zuwa ba, aikin sai ya fi ƙarfin ƙaramar waya. Hoto ya riƙa tsinkewa, ta ɗau zafi, ta rage gudunta don kada ta lalace. Zafin Gadarif kuma ya ƙara mata da nasa. Bugu da ƙari, duk sabon fuloti ana adana shi ne a cikin wayar, har ma'ajiyarta ta cika.

Maganin ba ya buƙatar ko sisi. A shiga saitin hoto na wasan a rage nisan hange zuwa mafi ƙanƙanta. A nuna wa yara su yi gininsu a inda suka riga suka buɗe, ko su zaɓi shimfiɗaɗɗiyar duniya marar duwatsu. A goge tsofaffin duniyoyin da aka daina shiga, kuma kada a yi wasa waya tana kan caji, domin zafi yana kashe batir.

'Yan uwa, wanda ke da hali ya raba wayar ciniki da ta yara. Ba ƙaramar asara ba ce mai saye ya tsaya a gabanka da niyyar biya, wayarka kuwa ta mutu. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.